Albasar ajiya: jagora ga mambobin ƙungiyar masu lambu, daga sayen iri har zuwa rudu

Kowace shekara a watan Maris da Afrilu albasa takan cika kasuwa daga Aliero zuwa Goronyo, daga Galmi zuwa Madawa, farashi ya faɗi warwas. Bayan damina ta yi nisa kuma sai ta yi wuya, buhun da aka yi ta roƙon dillali ya ɗauka ya koma abin nema. Kowane manomi ya san wannan, shi ya sa kowa yake son ajiya. Matsalar ita ce yawancin albasar da ake zubawa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ba a noma ta don ajiya ba. An noma ta ne don ta yi girma ta cika buhu, kuma hanyoyin biyu sun bambanta tun daga iri, da taki, da ranar da aka yanke ruwa. Wannan jagora ta shafi albasar rani wadda ake so ta kai wata huɗu zuwa shida a ajiye.

Iri

Irin albasa ba ya jure zama. Wanda ya shekara a ɗaki mai zafi ya rasa yawancin ƙarfinsa, ko da kuwa a ido yana nan baƙi wuluk kamar sabo. Saboda haka kada ƙungiya ta biya kuɗin iri sai ta gwada. A ƙirga ƙwaya 100 daga tsakiyar buhu ko gwangwani, a jera a kan tsumma mai danshi, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa masa ruwa kullum. Bayan kwana 10 a ƙirga waɗanda suka tsira. In sun kai 80, iri ya yi. Tsakanin 60 da 80 ana iya amfani da shi amma sai an ƙara yawan da za a zuba, kuma ya kamata a rage masa kuɗi. Ƙasa da 60 a mayar wa mai shi. Wannan gwajin tsumma ɗaya kawai yake ci, amma mutum ɗaya in ya yi shi a madadin mambobi hamsin ya tsare musu shekara guda.

Wajen zaɓi, jar albasa mai yaji da tauri, irin ta Galmi da danginta, ta fi farar albasa mai ruwa da zaƙi jure ajiya. Sai dai tana da aibi guda: tana saurin fitar da sandar fure tun a shekarar farko, kuma duk albasar da ta yi sandar nan cikinta yakan zama da rami, ba ta ajiyuwa. Wani ɓangare na laifin na masu haɗa iri ne. Wanda ya bar albasar da ta yi fure a gonar ci ta nuna, ya karkaɗe ya sayar a matsayin iri, ya tara wa jama'a zuriyar masu saurin fure ke nan. Iri na ƙwarai daga ƙwayar albasa yake fitowa, wadda aka zaɓa lokacin girbi, aka ajiye ta tsallake damina lafiya, sannan aka sake dasa ta don ta ba da iri. A tambayi mai sayarwa ta wace hanya ya samo nasa. In ƙungiya za ta haɗa nata, gonar irin ta yi nesa da duk wata albasa mai fure da kusan kilomita ɗaya, domin ƙudan zuma da ƙudaje suna gauraya su. Wanda zai sayi na gwangwani kuma a Najeriya ya duba shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, da ranar da aka ɗura.

Hekta ɗaya tana buƙatar kilo 4 zuwa 5 na iri mai kyau.

Reno

Ana zuba iri daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. A zaɓi wurin da ba a yi albasa ko tafarnuwa ba shekara uku, mai ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya a kai. A yi fangali mai faɗin mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba, tsawo kuma mita 5 zuwa 10. A gauraya takin gargajiya da ya ruɓe sarai, kimanin bokiti ɗaya a kowace murabba'in mita biyu. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona tsiro, yana kuma kawo ciyawa da gara. Mai hali ya shimfiɗa kara ya ƙone a kan fangalin kafin shuka, hakan na rage cutar da ke cikin ƙasa da 'ya'yan ciyawa.

Yawancin manoma watsawa suke yi. Layi ya fi. A ja layuka da ɗan tsinke, tazarar santimita 10, zurfin santimita ɗaya, a zuba kimanin giram 10 a kowace murabba'in mita. Da wannan lissafi, renon hekta ɗaya zai ci murabba'in mita 400 zuwa 500. A rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya a sama, a ba da ruwa da butar yayyafi safe da yamma. Cikin kwana 7 zuwa 10 za a ga tsiro ya leƙo a lanƙwashe. Ranar nan a ɗauke ciyawar, da yamma. In aka bari ta ƙara kwana uku tsiron zai miƙe fari, siriri, rana ɗaya ta kwantar da shi.

Abin da ya fi kashe reno shi ne ruɓewar gindi: sai a wayi gari a ga tsiro ya zube wuri-wuri, wuyansa a daidai ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Cunkoso da yawan ruwa ne suke kawo shi. Da an gani a rage ruwa, a daina bayarwa da yamma, a tuge na wurin da abin ya kama har da ƙasarsu. Wanke iri da maganin garin da ake sayarwa don haka kafin shuka yana taimakawa ƙwarai.

Dashe

Reno yana isa dashe a kwana 45 zuwa 55, lokacin da ya yi ganye uku ko huɗu, tsawonsa kamar santimita 15, kaurinsa bai kai na fensir ba. A nan ake yawan kuskure. Wasu suna barin reno ya yi wata biyu da rabi, ko don gona ba ta shirya ba ko don suna ganin babban dashe ya fi kamawa. Babban dashe in sanyin hunturu na Disamba da Janairu ya same shi, shi ne yake yin fure ko ya rabu biyu. Gara a jinkirta zuba iri har a tabbatar da ranar da gona za ta shirya.

Mako ɗaya kafin cirewa a rage ruwa don dashen ya yi ƙwari. Ranar cirewa a jiƙa fangali sosai don saiwa ta fito ba tsinkewa. A ware marasa lafiya da waɗanda suka fara ƙwaya. A datse kashi ɗaya cikin uku na ganyen. A dasa da yamma a ƙasa mai danshi, zurfin santimita 2 zuwa 3 kawai. Albasa a saman ƙasa take yin ƙwaya. Wadda aka binne da zurfi takan fito doguwa mai kaurin wuya.

Tazara ita ce ke yanke girman ƙwaya. Don ajiya a ba da santimita 15 tsakanin layi, 10 tsakanin tsiro. Hakan yana ba da matsakaiciyar albasa mai tauri da siririn wuya. Wanda ya buɗe tazara zuwa 20 da 20 zai samu manya masu ɗaukar ido a kasuwar ranar, amma su ne farkon ruɓewa.

Taki

Lokacin gyaran gona a watsa ruɓaɓɓen takin gargajiya tan 10 zuwa 20 a hekta gwargwadon hali, da kamfa 15-15-15 buhu 6 zuwa 8 mai kilo 50. Yuriya buhu 2 zuwa 3 ta wadatar, a raba ta biyu: rabi a mako na uku bayan dashe, rabi a mako na shida. Inda ake samun takin zamani na sufa a haɗa da ita a takin farko, domin tana ɗauke da sinadarin farar wuta wanda albasa ke buƙata don yaji da tauri. Waɗannan ma'aunai na matsakaiciyar ƙasa ne. Fadamar da ambaliya ke kawo wa sabon laka duk shekara ba ta cin haka, jigawa kuma tana iya neman a raba yuriyar sau uku don kada ruwa ya wanke ta.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce: da zarar gindi ya fara kumbura, an gama da yuriya. Manomi yakan ga lawashin maƙwabcinsa ya fi nasa kore a wata na uku, sai ya ƙara buhu. Ganye zai yi kyau kuwa, ƙwaya ma za ta ƙara nauyi, amma nauyin ruwa ne. Wuya zai yi kauri ya ƙi bushewa, kuma ta wannan wuyan ne ruɓa ke shiga. A cikin duk abubuwan da ke lalata albasa a rudu, yuriyar ƙarshe tana sahun gaba, kuma ita ce mafi sauƙin gujewa tunda barin ta ma rage kashe kuɗi ne.

Ruwa da ciyawa

Saiwar albasa gajera ce, yawancinta tana cikin santimita 20 zuwa 30 na sama. Ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai take so. A ƙasa mai laka, kowane kwana 4 zuwa 5 a hunturu. A jigawa kowane kwana 2 zuwa 3. In zafin bazara ya shigo a matso da kwanakin. Barin ta ta yi ƙishi sannan a cika fangali maƙil yana sa ƙwaya ta tsage ko ta rabu. Inda mambobi ke raba inji ɗaya ko magudana ɗaya, a tsara juyin ruwa tun kafin dashe, a kuma haɗa waɗanda suka dasa a mako ɗaya a layi ɗaya, saboda lokacin yanke ruwa kada ruwan wani ya malalo gonar wanda ya riga ya yanke.

Ciyawa tana cinye albasa cikin sauƙi domin ganyenta ba ya yin inuwa. Noma uku da hannu ko ƙaramar fartanya, sama-sama, kada a taɓa saiwa, kada kuma a tara ƙasa a gindi. Wanda ya yi amfani da maganin ciyawa ya ware masa famfon feshinsa daban.

Ƙwari da cuta

Babban abokin gaba wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne, bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, da ke ɓuya a matsatsin da ganyaye suka haɗu. Ba a ganinsa daga tsaye. Sai an tsuguna an buɗa ganyen tsakiya da yatsa, sannan a ga 'yan abubuwa rawaya-rawaya suna gudu. Alamarsa a ganye ita ce zane-zane farare masu sheƙi kamar azurfa, daga baya bakin ganye ya bushe ya murɗe. Yana ƙaruwa ne idan zafi ya fara, daga Fabrairu. A riƙa duba tsiro 20 a wurare daban-daban na gona sau biyu a mako. In an fara ganinsu kaɗan, ruwan 'ya'yan darbejiya yana aiki: a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a ɗiga ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma. In sun yi yawa sai maganin kanti. A fesa da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfo cikin matsatsin ganyen, kuma kada a maimaita magani mai sinadari iri ɗaya fiye da sau biyu a jere, don ƙwaron yana saurin sabawa. Canza sunan kamfani ba canza magani ba ne; a karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalba. A Najeriya a duba lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi, musamman ga masu sayar da lawashi.

Cutar ganye mai tabo ruwan hoda-hoda zuwa shuɗi-shuɗi, mai zobe-zobe, tana bin raunin da ƙwaron nan ya yi, kuma tana son raɓa da danshi. Maganin feshi mai suna Mankozeb yana tare ta in an fara da wuri, kimanin giram 40 zuwa 50 a famfo mai lita 20, kowane kwana 7 zuwa 10, ko yadda takardar maganin ta ce. Wadda kuma ganyenta ya yi rawaya daga sama, aka ja ta ta fito ba wuya, gindinta ya ruɓe da farin gansakuka, cutar ƙasa ce. Feshi ba ya maganinta. A tuge a fitar daga gona, baɗi kuma a shuka masara ko alkama ko shinkafa a wurin.

Yanke ruwa da girbi

Albasa tana nuna kwana 100 zuwa 120 bayan dashe. Alamar ita ce wuya ya yi laushi, lawashi ya kwanta da kansa. Idan aka fara ganin kwanciyar nan nan da can, a yanke ruwa. A bar gona kwana 10 zuwa 15 ba ɗigo. Idan rabi zuwa kashi biyu cikin uku sun kwanta, a cire. Akwai masu bi da ƙafa ko gungume suna kwantar da ganyen don ta yi saurin nuna. Wannan ba ya nunar da ita, rauni kawai yake yi wa wuya. Akwai kuma masu ba da ruwa ana gobe cira don ƙasa ta yi laushi kuma buhu ya yi nauyi. Ga mai sayarwa a ranar wannan tsakaninsa da mai saye ne, amma albasar da ta sha ruwan jajibiri ba ta shiga rudun ƙungiya.

A cire da hannu a hankali, kada a jefa, kada a buga biyu don karkaɗe ƙasa. Duk inda ta bugu, ko ba a gani ba yau, nan za ta fara.

Shanya

Wannan mataki ne ake yawan tsallakewa saboda gaggawa. A jera albasar a gona layi-layi yadda lawashin kowane layi zai rufe ƙwayar na gabansa, domin ranar Maris da Afrilu tana dafa wadda ke fili, ɓawon ya yi fari, cikin ya yi laushi. Bayan kwana 3 zuwa 5 a kwashe zuwa rumfa mai iska a baje, ta ƙara mako ɗaya zuwa biyu. Ta shanyu idan wuya ya bushe ƙayau, an murza shi tsakanin yatsu ba a ji santsi ba, ɓawon waje kuma yana ƙara in an taɓa. Sai a lokacin za a yanke ganye, a bar santimita 2 zuwa 3 na wuya. Yanke shi tun yana ɗanye, ko yanke shi daf da ƙwaya, buɗe wa cuta ƙofa ne. Wanda yake son ɗanyen lawashi na sayarwa ko na gabu, ya ware fangalin da zai yi wa haka, ya sayar da albasarsa nan take.

Tacewa da rudu

Kafin a zuba, a tace. Mai kaurin wuya, mai sandar fure, tagwaye, mai rauni, wadda ɓawonta ya saluɓe, da manya-manyan nan, duk a kai su kasuwa yanzu. Matsakaita masu tauri da cikakken ɓawo su ne na ajiya. A rumbun haɗin gwiwa kada mai kaya ya tace nasa da kansa. A naɗa mutum biyu ko uku da za su duba na kowa, domin buhu ɗaya marar kyau yana shafar na maƙwabta.

Rudu, ko na kara da zana ne ko na zamani mai bene-bene, abu uku ake nema a wurinsa: iska ta ratsa ta ƙasa da gefe, ruwan sama kada ya taɓa, rana kada ta buga. A ɗaga daɓen da za a zuba albasar santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa a kan duwatsu ko ginshiƙai, a shimfiɗa sanduna ko gora da 'yar tazara tsakaninsu. Tsibin kada ya wuce santimita 30 zuwa 40 a kowane bene, don na ƙasa kada su danne kuma zafi kada ya taru a tsakiya. Rufin ciyawa mai kauri ya fi kwano sanyi. In kwano ne a ɗaga shi sama, a sa zana a ƙarƙashinsa. Bakin rufin ya zarce bango sosai saboda feshin ruwan da iskar gabas ke korowa. A gina a tudu, a fili, a yi magudana kewaye. Ba a ajiye albasa a buhun leda ko a ɗakin siminti rufaffe.

Zafin bazara shi kansa ba ya sa albasa tsiro, hasali ma yana riƙe ta a barci. Haɗari yana farawa ne da danshin damina, musamman Yuli da Agusta: saiwa ta fito, baƙin gari kamar toka ya bayyana a ƙarƙashin ɓawo, ruɓa ta biyo. A riƙa shiga kowane mako biyu, a damina kowane mako. Hanci yakan riga ido, haka ma tarin ƙananan ƙudaje a kusurwa ɗaya. A fitar da ruɓaɓɓu da waɗanda suka jiƙe a kusa da su, a kai nesa a binne.

Lissafi kafin a jira farashi

Ko albasa lafiyayya tana raguwa a ajiye saboda ruwan jikinta yana fita. Sakataren ƙungiya ya rubuta abin da kowa ya zuba da awo, ba da ƙirgen buhu kawai ba, tunda buhun wani da hula, na wani ba hula. A ware buhu biyu ko uku na gwaji a riƙa auna su duk wata, a kuma rubuta abin da aka zubar a kowane dubawa. Da wannan ake sanin lokacin sayarwa. Misali, wanda ya zuba buhu 100 ya fitar da 70, sai farashi ya ƙaru da kashi 43 cikin 100 kafin ya mayar da abin da zai samu da ya sayar ranar girbi, ban da kuɗin rudu da na masu tacewa da na gadi. In 85 ya fitar, ƙarin kashi 18 ya ishe shi, abin da ya hau kuma riba ce.

Ya fi aminci a sayar kashi-kashi: wani ranar girbi don biyan bashin taki da man inji, wani a tsakiyar damina, sauran a riƙe muddin littafin dubawa yana nuna asarar wata ba ta fi hawan farashi ba. A tuna kuma albasar damina da ta farkon rani suna shigowa kasuwa wajen ƙarshen shekara, su sauko da farashi. Ranar lodi a sake tacewa, a zuba a buhun da iska ke ratsawa, a yi lodi da yamma ko da asuba. In tafiyar mai nisa ce, kamar Legas ko Kumasi ko Abijan, a ɗaga tamfol ɗin mota a kan sanduna yadda ba zai kwanta a kan buhunan ba, a kuma yarje da direba tun a gida cewa duk inda aka yi doguwar tsayawa da rana zai buɗe gefe don iska ta shiga.